Siririn Bututun Da Ke Bayan Firji

 

Duk wanda ya leƙa shagunan kayan wuta a Kano ko Kaduna ko Abuja a 'yan shekarun nan, ya ga manyan firjin nan masu ƙofa biyu, waɗanda ke da ɗan rami a jikin ƙofar hagu inda ake tura kofi ƙanƙara ta zubo. Wasu sababbi ne fil a kwali, wasu kuma na hannu ne da aka shigo da su daga Turai ko Amurka. Mai gida ya biya kuɗi masu kauri, a ɗora a a-kori-kura, a kai gida, a jona wuta. Firji ya ɗauki sanyi yadda ake so, nama ya daskare, kwalaben lemo su yi raɓa. Amma ramin ƙofa shiru kake ji. A wasu gidajen har firjin ya tsufa ba a taɓa ganin ƙwayar ƙanƙara ɗaya ta faɗo daga cikinsa ba. A wasu kuma an kira fulamba ya haɗa bututu, injin ƙanƙarar ya yi kwana biyu yana fitar da 'yan ƙwayoyi masu rami a ciki, daga nan ya tsaya cik.

Da wuya a ce injin ne ya lalace. An ƙera shi ne don gidan da ruwan famfonsa ke zuwa da ƙarfi dare da rana, wutarsa kuma ba ta yankewa. Haɗa bututun kansa aikin sa'a ɗaya ne ga wanda ya iya. Abin da ke cin lokaci da tunani shi ne ruwan da za a tura cikin bututun: daga ina yake zuwa, da wane ƙarfi, kuma me ya kwaso a hanya. Wanda bai bincika wannan ba kafin ya ɗauki sifana, ya sayi rabin firji ne da kuɗin cikakke.

Kafin injin ya shigo kicin, ƙanƙara kayan fatauci ce. A shekarar 1806 wani saurayi ɗan birnin Boston a Amurka, Frederic Tudor, ya sa aka yayyanka ƙanƙarar da hunturu ya daskarar a kan tafki, ya loda ta a jirgin ruwa zuwa tsibirin Matinik mai zafi. Ya tafka asara, daga baya ma bashi ya kai shi gidan yari. Bai haƙura ba, ya ci gaba da gwaji har ya tabbatar cewa dusar katako na rage narkewa ƙwarai. A 1833 jirgi ya tashi daga Boston da tan 180 na ƙanƙararsa, ya yi wata huɗu a teku, ya isa Kalkata ta Indiya da kimanin tan 100. A ɗaya gefen kuma, wani likita a jihar Fulorida mai suna John Gorrie yana neman hanyar sanyaya ɗakin masu fama da zazzaɓin shawara, har ya ƙera injin yin ƙanƙara, aka ba shi takardar mallakar fasaharsa a 1851. Ya rasu a 1855 bai ci moriyar abin ba. Sai bayan kusan shekara ɗari, a 1953, kamfanin Servel ya fitar da firjin gida mai yin ƙanƙara da kansa. Gidajen Amurka na lokacin suna da ruwan famfo mai ƙarfi, don haka masu ƙera injin suka ɗauki ƙarfin ruwa a matsayin abin da kowa ke da shi, suka gina komai a kansa.

Yadda injin yake aiki ba shi da wuyar ganewa. A ƙasan bayan firji akwai wani ɗan bawul da lantarki ke buɗewa. Idan lokaci ya yi, wanda ke tsaye kusa zai ji ƙas, sai ɗan gurnani, sai ƙarar ruwa yana zuba. Daƙiƙa bakwai ko kusa da haka, sai ya rufe. Ruwan ya hau ta wani bututu a jikin firjin ya zuba cikin mazubi mai ramuka, galibi takwas, a cikin ɓangaren daskarewa, inda sanyi ya kamata ya kai digiri 18 ƙasa da sifili. Akwai na'urar jin sanyi manne da mazubin. Da zarar ta ji ya kai wajen digiri 9 ƙasa da sifili, ta san ruwa ya daskare har ciki, sai ta kunna wata waya mai zafi a ƙarƙashin mazubin don ƙanƙarar ta saki ƙarfe. Daga nan wata 'yar mota ta juya sanda mai yatsun roba, yatsun su kwaso ƙwayoyin su watsa su cikin kwando. Wasu sababbin samfura ba su da wayar zafi, murɗa mazubin roba suke yi har ƙanƙarar ta ɓalle. Akwai kuma siririyar sanda da ke sauka cikin kwandon tana taɓawa. Idan ta tarar ya cika, aiki ya tsaya har a ɗiba. Zagaye ɗaya kan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa biyu.

Abin lura a nan shi ne daƙiƙa bakwai ɗin nan. Yawancin waɗannan injinan ba sa auna ruwan da ya shiga, lokaci kawai suke ƙidayawa. Bawul ya buɗe na ɗan lokacinsa, ya rufe, ko mazubi ya cika ko bai cika ba. Idan ruwan na da ƙarfi, cikin wannan ɗan taƙin abin da bai kai rabin kofin shayi babba ba ya shige, ramuka su cika. Idan kuwa lallaɓowa yake yi, rabi ko sulusi ne zai shiga, injin kuma ya ci gaba da aikinsa bai san an samu giɓi ba.

To, wane ƙarfi ake bukata? Duk wanda ya buɗe littafin da ke zuwa tare da firji zai ga lambar. Kamfanoni irin su LG da Samsung kan nemi aƙalla psi 20, Whirlpool kan ce 30, kuma kusan dukkansu sun tsayar da iyakar sama a wajen psi 120. Waɗannan lambobi ba sa nuna wa mai gida komai sai an mayar da su tsayi. Ruwan da ke saukowa daga tanki, tsayin tankin ne ke ba shi ƙarfi, kuma kowace mita 10 ta tsayi na ba da kimanin bar ɗaya, wato psi 14 da rabi. Ke nan psi 20 na bukatar tankin da ke sama da firji da mita 14, kusan tsayin bene mai hawa huɗu ko biyar. Psi 30 kuwa sai mita 21.

Yanzu a dubi gidan da aka saba gani a Kano ko Zariya ko Maraɗi. Ruwa na zuwa daga rijiyar burtsatse, ko daga famfon hukuma idan ya samu, ko daga 'yan ga-ruwa, a tura shi sama cikin tankin roba da ke kan ƙarafa ko kan rufi. Tsayin ƙarafan mita huɗu ne ko biyar, in an yi ƙoƙari shida. A cire tsayin firjin kansa, tunda mazubin ƙanƙara yana can sama kusa da kan mutum. Abin da ya rage bai wuce psi 5 ko 6 ba, wato bai kai sulusin mafi ƙarancin abin da injin ke nema ba. Wannan ruwan ya ishi wanka da wanke-wanke, domin bututun gida mai faɗin rabin inci ne ko fiye, kuma mai ɗiba yana iya jira. Bututun firji kuwa kwata ɗin inci ne daga waje, kimanin milimita 6, kuma injin ba ya jira.

Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare, har a bakin wasu masu sana'a: a ce tankin ne ya yi ƙarami, a sayo babba. Tankin lita 5,000 da na lita 500, idan saman ruwansu na tsayi ɗaya, ƙarfin da za su ba famfo iri ɗaya ne. Babban tanki ruwa yake daɗewa da shi kawai. Mutane sun kashe kuɗi a wannan hanya, aka hau aka sauke, ƙanƙara ba ta canza ba.

Alamomin ƙarancin ƙarfi a bayyane suke ga wanda ya san su. A ɗauki ƙwayar ƙanƙara ɗaya a ɗaga ta ga haske: ƙarama ce, saman ta ya lotsa, a danna ta da babban yatsa ta fashe kamar ɓawon ƙwai, cikinta fanko ko ruwa. Wata alamar ta fi wannan ɓoyewa. Bawul ɗin nan, matsin ruwan da ke bayansa ne ke taimaka masa ya rufe gam. Idan matsin ya yi kaɗan sai ya riƙa barin ɗigo yana wucewa, ɗigon ya tsaya a bakin bututun da ke cikin sanyi ya daskare, wani ya hau kansa, har bututun ya toshe da ƙanƙara. Mai gyara ya zo ya narkar da ruwan ɗumi, injin ya tashi, bayan mako guda ya sake toshewa. Sai a canza bawul, a canza mota, a canza injin gaba ɗaya, alhali matsalar tana can kan rufi.

Ana iya gwadawa ba tare da wata na'ura ba. Littafin Samsung ya ba da ma'auni mai sauƙi: idan komai daidai ne, famfon ƙofar firji zai cika kofi mai cin mililita 170 cikin kimanin daƙiƙa 10. Wanda ya ga ana ɗaukar rabin minti ya san inda aka kwana. Mafi kyau dai fulamba ya riƙe agogon auna matsi a jakarsa, ya ɗaura a bakin famfon kicin tun kafin a sayo kayan haɗi.

Maganin shi ne injin ƙara wa ruwa ƙarfi, amma a nan ma akwai zaɓi. Akwai irin da ke tashi idan ya ji ruwa na gudu a bututu. Wannan yakan ƙi tashi ga firji, domin abin da injin ƙanƙara ke ja ya yi masa kaɗan, kuma kafin ya farga daƙiƙa bakwai sun wuce. Wanda ya dace shi ne mai tashi idan matsi ya sauka, mai ɗan tankin iska a jikinsa wanda ke riƙe bututu cike da ƙarfi a kowane lokaci. A saita shi tsakanin bar 2 da 3 ya wadatar. Mai gida na iya sa babba a bututun da ke saukowa daga tanki don gida duka ya amfana, sai dai ya shirya: tsofaffin mahaɗai da tankunan bayan gida da suka saba da ruwa mai laushi sukan fara yoyo idan ƙarfi ya zo. Ga wanda firji kaɗai ya dame shi, ƙaramin inji a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, wanda ke tura layin firji kawai, ya fi sauƙin kuɗi kuma ya fi kwanciyar hankali. Kada kuma a zarce. Abin da ya wuce bar 8 yana fasa filta da mahaɗan roba na cikin firji.

Idan ƙarfi ya samu, sai a zo ga inda za a tsaga ruwan. Bututun ruwan sanyi ake nema, mafi kusa da firji, galibi wanda ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Na ruwan zafi haramun ne ga wannan aiki, domin yana lalata bawul da robobi. Cikin kayan haɗi da ake sayarwa a leda ɗaya, sau da yawa akan samu wani ƙaramin bawul da ake ɗaure wa bututu a wuya, a murɗa shi allurarsa ta huda bututun. Yana da farin jini saboda ba a yanka komai, minti biyar an gama. Araha dai ba ta ado. Hudar da yake yi 'yar mitsitsiya ce, tana ƙara rage ƙarfin da ake fama a samu, yashi ko tsatsa kaɗan ya toshe ta, robar da ke wuyansa kuma ta bushe ta fara ɗiga. Kamfanonin firji da dama sun rubuta ƙarara kada a yi amfani da shi, dokokin aikin famfo a wurare da yawa a Amurka ma sun hana shi. Ban da haka, an yi shi ne don bututun jan ƙarfe, gidajen nan kuwa bututun roba ne, farin PVC ko koren PPR da ake haɗawa da zafi, ko tsohon ƙarfe. Abin da ya dace shi ne a yanka bututu a sa mahaɗa mai baki uku, a ɗaura mata bawul na gaske mai rufewa da kwata ɗin juyi, sannan abin rage baki daga rabin inci zuwa kwata. Idan bututun a kwance yake, bakin ya kalli sama ko gefe. Wanda ya kalli ƙasa duk laka da yashin da ke kwance a bututu cikinsa za su gangara. Bawul ɗin kuma ya zauna inda hannu ke kaiwa ba sai an ja firji ba, domin ranar da ruwa ya ɓalle uwargida ce ko yaro ke gida, kuma ba su da lokacin neman fulamba.

Shi siririn bututun iri uku ne a kasuwa. Na jan ƙarfe yana daɗewa, ba ya ba ruwa ɗanɗano, ɓera ba ya iya masa, amma idan aka tura firji da ƙarfi ya lanƙwashe to ya shaƙe ke nan, sai yankewa. Farar robar da ke zuwa cikin leda ita ce mafi araha kuma mafi rauni: zafin kwamfuresa na busar da ita har ta tsage, ɓeraye na gaigayar ta. Na uku shi ne tiyo mai saƙar ƙarfe a jiki, wanda ke zuwa da notinansa a baki biyu. Ga ɗan tazara tsakanin bango da firji, shi ne ya fi dacewa, domin yana jure ja da turawa, kuma ba ya bukatar gwaninta wajen ɗaurawa. Ko wane aka zaɓa, ya zama an yi shi don ruwan sha, a bi da shi jikin bango nesa da murhun gas, a kuma taƙaita tafiyarsa, tunda kowace mita na cin ƙarfin ruwa. Abu ɗaya ne ba a taƙaitawa: rarar da ake bari a bayan firji. Littafin General Electric ya ce kimanin ƙafa 8, wato mita biyu da rabi, a naɗe zagaye uku, don a iya jawo firji a share bayansa ba tare da an tsinke komai ba.

Wajen ɗaure mahaɗa ake gane gwani. Ya yanka bakin bututu daidai ba karkace ba, ya zura noti, ya zura ɗan zoben da ke matsewa, ya tura bututun cikin bakin bawul har ya ji ya dira. Ya murɗa notin da yatsu har ya tsaya, sannan ya sa sifana biyu, ɗaya na riƙe bawul ɗaya na juyawa, ya ƙara kaɗan. Wanda ya dage da ƙarfinsa duka zai murƙushe zoben, yoyon da yake gudu ya same shi. Idan bututun roba ne, sai an cusa masa ɗan ƙarfen tallafi a baki, kuma zoben roba ya fi masa na ƙarfe, wanda kan yanke shi a hankali. Farin zaren da fulamba ke naɗawa a bakin famfo ba shi da aiki a irin wannan mahaɗa, domin zobe ne ke tare ruwa. Kafin a haɗa bakin ƙarshe da firji, gwani kan sa shi cikin bokiti ya buɗe ruwa. Da farko sai tari da iska, sai ruwa mai duhu da ɓarɓashin roba da yashi, sannan ya washe. Duk wannan dattin da cikin bawul ɗin firji zai tafi. Bayan an haɗa, a buɗe ruwa sannu, a bi kowace mahaɗa da busasshen tsumma ko takarda, a sake dubawa bayan awa ɗaya, a sake washegari. Firji kan bukaci kamar kwana guda kafin ya fara ba da ƙanƙara sosai, kuma zubin farko biyu ko uku zubarwa ake yi.

Sai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi. Mutane da yawa sun ɗauka sanyi na kashe ƙwayoyin cuta. Ba ya kashe su yadda tafasa ke yi. Ƙwayoyin taifot da na kwalara na iya rayuwa cikin ƙanƙara, su farfaɗo idan ta narke a kofin zoɓo ko kunun aya. Shi ya sa hukumomin lafiya ke gargaɗin matafiya su guji ƙanƙarar da ba su san ruwanta ba. Gidan da ke sayen ruwan leda ko na roba don sha, amma ya haɗa firjinsa kai tsaye da tankin da ya shekara ba a wanke ba, ya buɗe wa cuta ƙofar baya, kuma yara ne kan fi tauna ƙanƙara. Filtar da ke cikin firji gawayi ce aka sarrafa. Aikinta cire warin kulorin da gyara ɗanɗano, domin an ɗauka ruwan da ke shigowa hukuma ta riga ta tsabtace shi. Yawancin irin waɗannan filtoci ba sa tare ƙwayoyin cuta, kuma wadda ta wuce wa'adinta na wata shida tana iya zama matattarar su. Saboda haka ƙa'idar mai sauƙi ce: ruwan da mai gida ba zai cika kofi ya miƙa wa ɗansa ba, kada ya shiga wannan bututu. Tanki ya kasance a rufe, a riƙa wanke shi, a sa kulorin bisa ƙa'ida ko a ɗaura fitila mai kashe ƙwayoyin cuta a kan layin. Ruwan rijiyar da aka haƙa kusa da masai kuwa sai an kai shi ɗakin gwaji.

Ruwan burtsatse na da nasa hali. Wani na ɗauke da yashi, wani da ƙarfen da ke mayar da bokiti ja, wani da gishirin ƙasa mai barin farin ɓawo a buta. Duk ukun na toshe 'yar ragar da ke bakin bawul, ɓawon kuma na manne wa mazubi har ƙanƙara ta ƙi saki. Filtar tare laka a gaban layin na rage wannan sosai. Wanda ya sa babbar matata mai tace ruwa ta siririyar fata ya samu ruwa mai kyau, amma ya sani tana cin ƙarfi da yawa, kuma littattafan firji da kansu sun yi gargaɗi a kai. Farin da ake gani a tsakiyar ƙanƙarar gida kuwa ba datti ba ne, iska ce da ma'adinai da suka taru a ciki saboda daskarewa na farawa daga waje.

Game da wuta, a fara da karanta ɗan allon da ke manne a cikin firji. Na Amurka an yi shi don bolt 115 da zagaye 60, wutar Nijeriya da Nijar kuwa tsakanin bolt 220 da 240 ce a zagaye 50. Taransifoma na sauke bolt, amma ba ta canza zagaye. A tsofaffin samfura da motar inji ce ke ƙidaya lokacin buɗe bawul, motar kan juya a hankali a nan, bawul ya daɗe a buɗe fiye da ƙima, kuma idan ruwa na da ƙarfi mazubi ya yi ambaliya, ƙwayoyi su haɗe. Da yawansu na da ɗan sukurun rage ruwa a gefe. Soket ɗin firji lallai ya kasance da wayar ƙasa mai aiki, tunda yanzu ruwa da lantarki sun zama maƙwabta a bayansa. Idan an ɗauke wuta na tsawon sa'o'i, ƙanƙarar kwando kan narke sama-sama, wuta ta dawo ta dunƙule ta zama dutse ɗaya da motar fitarwa ba ta iya juyawa. A ciro kwandon a juye, kada a sa wuƙa a cikin firji. Haka nan gidan da janareta ko sola ke ɗaukar firji amma ba ya ɗaukar injin tura ruwa, bawul zai riƙa buɗewa a bushe yana gurnani. A irin wannan hali, da lokacin tafiya mai nisa, a ɗaga sandar inji ko a danna maɓallin kashe shi, a rufe bawul ɗin bango.

Wanda ya ji duk wannan ya ga ya yi masa yawa, yana da mafita mai kyau tun a shago. LG da Samsung da wasunsu na yin firji masu ƙaramin tanki a ciki, mai cin kimanin lita huɗu, wanda ake cikawa da hannu, injin ciki ya ja daga nan. Babu huda bango, babu maganar tsayin tanki, kuma uwargida ce ke zaɓen ruwan da ta zuba. Ga yawancin gidajen da ke dogaro da tankin sama, wannan ya fi dacewa, kuma ya kamata masu shago su riƙa faɗa wa mai saye gaskiya tun kafin ya biya. Wanda kuma ya riga ya mallaki mai bututu, akwai ƙananan injina irin na kamfanin Flojet da ake zura wa babbar robar ruwan sha mai lita 19, su tura ruwa zuwa firji da ƙarfin da ya isa.

Sauran abu ɗaya, kada a ɗora wa injin abin da ba zai iya ba. Daskarar da ruwa aiki ne babba: zafin da za a cire daga kilo ɗaya na ruwan da ya riga ya sauka digiri sifili kafin ya zama ƙanƙara, daidai yake da zafin da zai ɗaga shi daga sifili zuwa digiri 80. A watan Afrilu kuwa, ruwan baƙin tankin da ya wuni a rana da ɗuminsa yake saukowa, kicin ma ya ɗau zafi, ana ta buɗe ƙofar firji. Ko a yanayi mai kyau, abin da injin gida ke yi a kwana guda tsakanin kilo ɗaya ne da biyu. Ya ishi kofunan iyali, amma ba zai cika kular buɗa-baki ta gida mai mutum goma sha biyar ba, balle a yi sana'a da shi. Wannan aikin babbar firiza ce da ruwa a leda. Gidan da ke son ya ci moriyarsa a watan azumi sai ya fara tun kwanaki kafin a ga wata, ana juye kwando cikin leda mai tsabta ana ɗaurewa ana ajiyewa a ƙasan firiza, domin injin kan tsaya ne da zarar kwandonsa ya cika, kuma yakan ci gaba da zarar an ba shi wuri.